Jan Zare na Uku

Jan zare biyu aka ɗaura wa aikin Goggo a cikin wata biyu, kuma ni na ɗaura su da hannuna. A ɗakin saƙar da muke aiki, na uku da sallama yake zuwa. Mace ta tattara alluranta, ta bar kujera ga wata. Goggo ta shekara talatin da huɗu a ɗakin nan, katakon kujerarta ta bakin taga har ya lotsa daidai zamanta, ga shi saura zare ɗaya tsakaninta da matakala.

Ɗakin yana saman shagon kayan jarirai. Matakala goma sha bakwai ake hawa, ta tara tana ƙara in an taka ta. Kujeru goma sha biyu ne a jere bibbiyu, sai teburin mai duba aiki a bakin ƙofa, da tef ɗin awo da almakashi da dunƙulen zare biyu a kai, fari a hagu, ja a dama. Duk abin da aka saƙa, hula ce ko safa ko rigar sanyi ko mayafin jariri, sai ya bi ta teburin nan. In ya yi, a ɗaura masa farin zare a kusurwa ya sauka shago. In bai yi ba, a ɗaura ja a mayar wa mai shi ta warware. Ja uku a cikin wata uku, an gama da ke. Uwar Ɗaki, mai shagon, gadon wannan doka ta yi daga mahaifiyarta. Ita kuwa mahaifiyar, Goggo ce ta ba ta shawarar, a shekaru sha ɗayan da ta yi tana zaune a teburin da nake zaune yanzu.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar, da mahaifiyata ta rasu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini, ko da kuwa zane ni za ta yi. A barandar asibiti ta koyi saƙa. Wata bakwai ta yi tana jinyar mijinta, sai wata ma'aikaciyar jinya da ta gaji da ganinta cikin tagumi ta miƙa mata allurai biyu da ragowar ulu. Mijin bai tashi ba. Ta fito daga asibitin da hula huɗu da sana'a a hannu. Ba ta sake aure ba, duk da an yi ta nema, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. In aka tsokane ta da zancen, sai ta ce jariran da suka sa hularta gida ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Kowane mai sana'a da inda yake fara kai ido. Goggo gefe take fara dubawa. In aka zo farkon layi, madaukin zare na farko yana zaune a bakin allura, kuma hanya biyu ce. Ko a saƙa shi kamar 'yan uwansa, ko a ɗauke shi haka nan a miƙa wa ɗayar allurar ba a saƙa ba. In aka ɗauke, gefen yakan fito sumul, madauki kwance a kan madauki, shi ya sa a ɗakinmu kitso ake ce masa. In aka saƙa, sai ya bar 'yan ƙulle-ƙulle a jere, ɗaya a kowane layi biyu. Waɗannan Goggo ta sa wa suna ƙuraje, sunan kuma ya bi su. A gaskiya ƙurajen ba laifi ba ne, wasu ma sun fi son su a inda za a haɗe saƙa biyu da ɗinki, don sun fi riƙo. Na taɓa gaya mata haka ina budurwa, ina ji da ɗan karatuna. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce in je in saƙa wa wanda ya rubuta littafin hula.

Bayan hannuna ya san allurar Goggo kafin tafina ya san ta. Ƙurji ɗaya ta gani a gefen saƙata, ƙwas, sai ta zare allurar ta miƙo mini bakin zaren in warware da kaina, tana zaune tana kallo. Na yi kuka a kan ulu har ya jiƙe. Na yi mata Allah ya isa a zuci ba sau ɗaya ba, ina yarinya, Allah ya yafe mini. Amma da aka zo neman wadda za ta zauna a teburin dubawa, ni Uwar Ɗaki ta nuna, ta ce idon Goggo ne a kaina.

Jan zaren farko bai dame ni ba. Rigar sanyi ce mai maɓalli, gabanta biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da layi shida. Na auna sau uku kafin in yarda. Goggo ta karɓa ta ce hirar Rediyo ce ta ɗauke mata hankali, aka yi dariya. Rediyo ita ce ke zaune a gefenta, mace ce da ba ta da maɓallin kashewa, tun daga matakala ake jin tasharta. Bayan wannan rigunan Goggo suka dawo daidai kamar an yanka da wuƙa, na manta da zancen.

Na biyun bargon jariri ne. Na shimfiɗa shi a kan tebur, sai ga ƙuraje jere reras, gefe da gefe, tun daga ƙasa har sama. Na ɗauka na wata sabuwar shiga ne aka haɗa da kayanta. Na ɗaga na tambayi mai shi, Goggo ta ce nata ne, ko juyowa ba ta yi ba. Ɗakin ya ɗauki ƙus-ƙus. Rediyo ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, yau ga mai maganin ƙuraje ta fito da su a fuska.

Ba zan ɓoye ba, na ji wani daɗi a ƙasan raina. Yarinyar nan mai jiƙa ulu da hawaye ta farka a cikina. Na yanki jan zare, na ɗaura, har da jan ƙullin da ƙarfi, na kai mata har kujera na ce a warware. Ina jiran ta wanke ni tas, don Goggo ba ta barin ta kwana. Sai ta shafa kusurwar bargon har yatsanta ya samu ƙullin, ta ce, "To, Uwata." Shi ke nan abin da ta ce. Wannan amsar ce ta dame ni har aka tashi.

Ran Asabar na sauka shago na ɗauko riga ɗaya daga cikin waɗanda ta saƙa bayan jan zaren farko, na juya cikinta waje. A bakin maɓalli, inda ido ke gani, kitso ne mai kyau irin nata. A cikin ɗinkin gefe kuwa, inda ba mai leƙawa, ƙuraje ne. Na ɗauko ta biyu, na ɗauko ta uku, duk haka. Ashe ta daɗe tana yi. Bargo ne kawai ya tona ta, don shi ba shi da ɗinkin da za a ɓoye komai a ciki.

Da la'asar na isa gida. Goggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da saƙa a cinya, fuskarta na kallon bango. Na cire takalmi na tako a hankali na tsaya a gabanta, taku uku tsakaninmu. Ba ta ɗago ba. Babban yatsanta yana bin gefen saƙar daga ƙasa, yana tsayawa a kan kowane ƙulli, leɓenta na motsi. Biyu, huɗu, shida. Ƙirga layi take yi. Nan take abubuwa suka yi ta dawo mini. Tun bara ta daina fita aiki ita kaɗai, sai ta jira ni, ta kama gefen mayafina a hanya ta ce gwiwa ce. Ta daina zura zare a allurar ɗinki, ta ce aikin yara ne. Ta hana a matsar da ko kofi daga inda ta ajiye shi. Ni da ake cewa idon Goggo ne a kaina, shekara guda ina kwana gida ɗaya da ita ban gani ba.

"Goggo, tun yaushe?"

Ta zabura, allura ɗaya ta faɗi. Ta ce tun yaushe me.

"Na daɗe a tsaye a gabanki."

Ta sunkuya tana laluben allurar a ƙasa. Na durƙusa na miƙa mata, ta karɓa ba godiya. Sannan ta faɗa mini, muryarta kamar mai ba da labarin wata. Idon hagu ya tafi tun bara. Na dama hayaƙi ne, tana gane inda taga take, tana gane inuwar mutum in ya gitta ta wajen haske, ban da wannan babu. Ta je wurin likita a ɓoye, ya ce ta zo a makare, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage. Saƙa ba ta gagare ta ba, hannu ya san hanyarsa. Ƙirga ce ta gagara. Da, kallo ɗaya za ta yi wa gefe ta san layi nawa ta yi. Yanzu in ta riƙe a ka, sai wani ya yi magana lissafin ya zube. Ta gwada bin kitson da yatsa, amma yatsan ya yi kanta, kitson kuma sumul yake, sai ya zame. Ƙurajen da ta shekara talatin tana dukan mutane a kansu, su kaɗai yatsanta ke ji.

Na ce mu gaya wa Uwar Ɗaki, ai ba za ta ƙi ta ba. Ta damƙe wuyan hannuna, ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"In kika buɗe baki, ke kika sauke ni daga kujerar nan. Ba na son a riƙa ba ni aiki don tausayi, Uwata. In na bar ɗakin can, me zan tashi in yi da safe?"

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ina jin kunyar ƙullin da na ja da ƙarfi.

Ran Litinin Uwar Ɗaki ta hawo da kanta, da leda a hannu. Wata mata ce ta zo, 'yarta ta kusa haihuwa, tana son mayafin jariri, kuma ta ce lallai Goggo ce za ta saƙa, don ita ta saƙa wanda aka naɗe 'yar a ciki. Ratsi goma sha biyar, fari da rawaya, kowane ratsi layi ashirin. Ran Juma'a kafin azahar za ta zo karɓa. Uwar Ɗaki ta ajiye ledar a cinyar Goggo, ta ce cikin wasa, yadda kowa zai ji, wannan karon kitso take so, kada a sake yi mata ƙuraje. Goggo ta ce in Allah ya yarda.

Mayafi gefe biyu gare shi, duka a waje. Ratsi kuma ba ya rufa wa kowa asiri, in ɗaya ya ɗara ɗan uwansa da layi biyu, daga bakin ƙofa za a hango. Ba damar a kai aikin gida in taya ta, don zare ba ya fita daga ɗakin, wannan ma dokar Goggo ce. Goggo ta bi ta toshe duk wata ƙofa da hannunta tun kafin ta san ita za ta nemi hanyar fita.

A hanyar gida na gaya mata dabarar da na yi. Daga teburina ina hango hannunta. Duk juyin da ta yi wa saƙar layi ɗaya ne, ni zan riƙa ƙirgawa, in ta cika ashirin in buga almakashi sau biyu a kan tebur, ita kuma ta canza zare. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ƙara riƙe gefen mayafina. Washegari da na buga almakashin, na ga ta sa hannu a aljihun dama inda ta ajiye rawaya, sai na saki numfashi.

Ban taɓa yin kwana uku masu tsawon waɗannan ba. Ido ɗaya a kan tef, ɗaya a bakin taga. Ina auna hular wata, ina jan ɗan layi da fensir a bayan takarda. In aka yi mini magana sai in amsa da ka, don kada lissafi ya kuɓuce. Ko banɗaki ba na zuwa sai Goggo ta ajiye allura. Rediyo ta ce almakashin nan dai a kai shi a yi masa addu'a, tun safe yake buga kansa. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Ran Laraba ta fara kallona, ta kalli Goggo, ta sake kallona, na sha jinin jikina. Amma mayafin yana tafiya, ratsi bayan ratsi, gefensa kitso ne irin wanda a duk ɗakin ba mai iya shi sai ita.

Ran Alhamis da hantsi, Goggo tana layi na sha huɗu a ratsi na goma sha ɗaya, Uwar Ɗaki ta ƙwala mini kira daga ƙasa. An kawo sabon ulu, launin bai yi mata ba, tana son in zo in gani kafin mai kawowa ya tafi. Na ce ina zuwa. Ta sake kira. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayan Goggo, ba yadda zan ce mata ta dakata ba a ji ba. Na sauka. Mai kawo ulun mutum ne mai gardama, ya rantse launin ɗaya ne, aka yi ta fito da dunƙule ana kaiwa bakin ƙofa ana dubawa a rana. Na kusa awa guda a ƙasa, raina yana sama.

Da na hawo, Goggo ta riga ta canza zare da lissafin kanta, ta yi nisa a ratsi na gaba. Tun daga tebur na gani. Na sha ɗayan ya fi sauran faɗi. Na wuce ta bayanta kamar mai neman wani abu a taga, na ƙirga da ido. Ashirin da shida. In aka ce a warware a gyara, ba za a gama kafin azahar ɗin Juma'a ba, kuma kowa zai tambayi dalili.

A hanya ta tambaye ni ko ya yi daidai. Na ce ya yi. Ban taɓa yi mata ƙarya a kan saƙa ba sai ran nan, kuma ta fito mini a sauƙaƙe har abin ya ba ni tsoro.

Ran Juma'a da safe na kasa kallon jan dunƙulen nan. Na ture shi can bayan tef, na jawo farin kusa da hannuna na dama. Wajen sha ɗaya da rabi Goggo ta rufe layin ƙarshe, ta soke bakin zare, Rediyo ta miƙo mini mayafin. Matar tana ƙasa tana jira, muna jin muryarta. Uwar Ɗaki ta hawo karɓa, ta tsaya a kaina. Na shimfiɗa rabin mayafin, na ɗora tef a inda na san lafiya lau ne, na naɗe shi yadda ratsi na sha ɗaya zai shige cikin ninki. Uwar Ɗaki ta shafa gefen ta ce kai, wannan kitso sai Goggo. Na kai hannu ga farin zare.

"Dakata, Uwata. Ban yi masa sallama ba."

Al'adarta ce, ba ta barin aiki ya sauka sai ta shafa shi. Ta taso, ta bi tsakanin kujeru da takun da ta haddace, ta tsaya a gaban tebur. Na miƙa mata shi a naɗe. Ta warware. Duk inda aka canza zare akwai ɗan kauri a gefe, inda aka soke bakin tsohon zaren. Ta samu na farko, ta jera yatsu uku zuwa na biyu, suka cika daidai. Ta matsa. Yatsu uku. Ta matsa. Ina ƙirgawa tare da ita. A na sha ɗaya ta jera uku, wuri ya rage. Ta ƙara na huɗu, ya zauna.

Ba ta juyo wajena ba, da ma ta juyo ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Ratsi na sha ɗaya ya yi yawa," in ji ta. "Layi shida."

Uwar Ɗaki ta leƙa, ta ce ai wannan ba wanda zai lura, jariri dai ba ya riƙe tef, a ɗaura fari matar tana jira. Goggo ta ce ita ta lura. Ta ce in ɗaura ja. Na ce ba zan iya ba. Ta sake faɗa, na sake ƙi, hawaye ya riga ya cika mini ido. Sai ta ce to, ita ma ta san teburin nan. Ta miƙa hannu dama, inda jan zare ke zama tun kafin a haife ni, ta ɗauki dunƙulen da ke wurin, ta lalubi almakashi ta yanka. Ta ɗaura a kusurwar mayafin, ƙulli biyu, a tsanake. Ta ɗaga shi sama ta juya wajen kujeru.

"Ga na uku nan. Kowa ta gani, kada gobe a ce an yi wa wata alfarma."

Farin zare ne yake lilo a kusurwar.

Allurai suka tsaya. Mata goma sha ɗaya suna kallon zaren, suna kallon fuskarta. Rediyo ta buɗe baki, karo na farko a rayuwarta ba abin da ya fito. Uwar Ɗaki ta dafe ƙirji. Goggo tana tsaye da mayafin a sama, tana jiran ƙus-ƙus ɗin da ta saba ji in an ɗaura ja, ba ta ji ba. Na ga lokacin da shirun ya isa gare ta. Hannunta ya sauko a hankali.

"Uwata. Wane launi na ɗaura?"

Uwar Ɗaki ta kama idona, tana girgiza kai, leɓenta na cewa in ce ja. Na gane nufinta. In na ce ja, Goggo za ta sauka da girmanta, tana ganin asirinta a rufe. Amma za ta sauka mata goma sha ɗaya suna bin ta da kallon tausayi ba ta sani ba, gobe su gaishe ta da muryar da ake gai da mara lafiya, ita kaɗai ce a duhu. Jiya na yi mata ƙarya, ga inda ta kawo mu.

"Fari ne, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Ta tambayi wanda ya canza musu wuri, na ce ni ce. Ta ce in mayar da kowanne inda yake. Na mayar. Ta sake miƙa hannu dama, ta yanka, ta ɗaura jan kusa da farin. Sannan ta fuskanci ɗakin ta gaya musu da bakinta, cewa idonta ya tafi tun bara, ƙurajen da suka gani a bargo da su take ƙirga, almakashin da ke buga kansa kuma yarinyarta ce ke ƙirga mata, kada a ga laifinta, ita ta sa ta.

Uwar Ɗaki tana kuka ta ce dokar nan ta mutu daga yau, kujerar bakin taga ta Goggo ce har iyakar rai, a riƙa ba ta riguna masu ɗinki ta yi ƙurajenta a ciki, wa zai sani. Goggo ta saurare ta har ta gama. Ta ce mata tara ta saukar daga ɗakin nan da zaren nan, tana iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya tana da tsohon ciki, ta durƙusa mata a daidai wurin nan, ba ta ɗaga mata ƙafa ba.

"In na zauna, me zan ce da ita in muka haɗu?"

Rediyo ta tashi ta tattaro mata allurai da ɗan matashin da take jingina da shi, ta sa a jaka, tana jan hanci. Goggo ta ce mata ta warware mayafin zuwa ratsi na goma ta ƙarasa, a ba matar haƙuri zuwa Litinin, kuma ta rufe baki in tana ƙirga. Aka yi 'yar dariya mai ciwo. A bakin matakala ba ta kama gefen mayafina ba. Ta ɗora hannu a kafaɗata, a gaban kowa, muka sauka. Matakala ta tara ta yi ƙararta.

Wata biyar ke nan. Ba wadda ta yarda ta zauna a kujerar bakin taga, ulu ake ajiyewa a kai. Ni ina nan a teburina, fari a hagu, ja a dama, kuma duk ranar da na yanki jan sai na tuna da ita.

Goggo tana tashi da safe kamar da, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin ƙofarta da allurai. Na sayo mata ulu mai kauri, na ce yanzu sai ta yi ƙurajenta son ranta, ba mai dubawa. Ta ce Allah ya kiyaye, da ma don ɓoyo ta yi su, yanzu kuwa wa take ɓoye wa. Launi ɗaya take saƙawa, ba ratsi, ba hannu, ba wuya, abu ne dai mai faɗin taku ɗaya da yake ta tsawo. Ya sauka daga cinyarta, ya taru a cikin kwando, ya fara zubowa ƙasa. Jiya na ɗaga shi na bi gefen da ido tun daga farko, kitso ne sumul, ba ƙurji ko ɗaya. Na tambaye ta layi nawa ta yi. Ta ce ba ta sani ba, ta juya saƙar, ta ɗauke madaukin farko ta miƙa wa ɗayar allurar.